Allon da Inji Bai Karanta Ba

Ni mai rubuta allunan shaguna ne, da buroshi da fenti, tun kafin a kawo injinan nan masu tofo rubutu a kan leda. In ka bi titinmu ka ga allon da ka karanta daga cikin mota ba tare da direba ya rage gudu ba, to hannuna ne. Wanda kuwa sai ka tsaya ka kanne ido ka matso kusa, wannan na yaran zamani ne, ba ruwana da shi. Ilimi guda ɗaya nake da shi a duniya, kuma na riƙe shi da hannu biyu: abin da aka rubuta da kauri shi ake gani. Da wannan ilimin na ci na sha, na aurar da 'ya'ya, da shi kuma na tsoma baki a harkar da ba wanda ya gayyace ni.

Bangon katako ne kawai ya raba shagona da na ƙanena. Shi ne autanmu, kuma har ya yi furfura Auta muke ce masa. Gyaran keken ɗinki yake yi. In tela ya kawo masa keke, sai ya ɗora shi a tebur, ya murza shi sau ɗaya, ya kara kunne, ya faɗi ciwon kafin mai keken ya gama gaisuwa. Ba ya son magana, ni kuma ba na son shiru, shi ya sa zamanmu ya yi daɗi. Ina fenti ina ba shi labari ta cikin bango, shi kuma yana amsawa da “uhm” daga lokaci zuwa lokaci, don in san yana raye. Haka muka yi rabin rayuwarmu.

Sai aka buɗe sabuwar hanya ta bayan kasuwa, aka kwashe tashar mota aka mayar can. Titinmu ya mutu murus. Ni ban ji jiki sosai ba, don ni ake kira, in ɗauki tsanina in je inda aikin yake. Auta kuwa sai an kawo masa. Telolin da suka san shi suna tsufa suna ajiye ɗinki, sababbin kuma ba su san akwai wani titi a nan ba. Sai in ji shiru ta bayan bango, in leƙa, in same shi yana goge keken da ya riga ya goge jiya.

'Yarsa ta fari, wadda muke kira Lauya saboda tun tana ƙarama ba a kayar da ita a gardama, tana aure tana aiki a wani gari mai nisan gaske. Tun rasuwar mahaifiyarta take matsa wa uban ya rufe shago ya koma wurinta. Da ta zo hutu ta ga ya ƙi, sai ta ce to bari ta yi masa abin da za ta iya. Ta zaunar da shi tana yi masa tambayoyi yana amsawa, ta buɗe wa shagon shafi a intanet, ta bar masa tsohuwar kwamfutarta a buɗe don ya riƙa canza lokacin buɗe shago in ya so. Auta bai taɓa ta ba. Ya lulluɓe ta da ƙyalle kamar yadda yake lulluɓe kekunan mutane. Amma abin ya ɗan yi amfani, don jefi-jefi sai baƙuwar fuska ta shigo da keke, ta ce a waya ta gan shi.

Jefi-jefin nan bai cika wa mutum wuni ba. Wata safiya Auta ya zagayo shagona, abin da ba ya yi, ya zauna a kan gwangwanin fenti.

“Yaya, wa'adin hayar shagon nan ya kusa cika,” in ji shi. “In aiki bai motsa ba kafin nan, ba zan sabunta ba. Zan bi yarinyar nan.”

Na ce masa ya daina maganar banza. Ya ce ba yunwa yake tsoro ba, zaman banza ne ba zai iya ba, gara ya je ya yi zaman banzan a inda akwai jikoki. Ya tashi ya koma. Ni kuwa na kasa jan layi madaidaici a ranar. Tsoro ne ya kama ni, tsoro na gaske. Iyayenmu sun tafi, 'yan'uwanmu na tsakiya sun tafi, daga ni sai shi. Ban san yadda ake wuni a shago ba Auta a bayan bango ba, kuma ban yi niyyar koya da tsufana ba.

Da azahar na ɗauko wayata na shiga injin binciken nan da kowa ke tambaya, na rubuta “gyaran keken ɗinki” da sunan unguwarmu. Sai ga jerin shaguna. Na yi ta ja, na yi ta ja, Auta na can ƙasa, bayan mutanen da na tabbata ba su san inda ake ɗiga wa keke mai ba. Amma na lura da abu guda, kuma da na lura sai da na yi wa kaina kirari a zuci. A ƙarƙashin sunan kowane shago na sama akwai 'yan layuka, kuma a cikin layukan kalmomin “gyaran keken ɗinki” suna da kauri, baƙi ƙirin, sun fi sauran fitowa. Na ce ashe kai ma injin nan ɗan hanya ne, ido gare ka kamar kowa, mai kauri kake gani.

Na shiga shagon Auta na yaye wa kwamfutar ƙyalle, na buɗe shafin. Raina ya ɓaci. Yarinyar nan ta zuba rubutu kamar takardar magani, siriri, ƙanana, ba babba ba yaro. Ta rubuta abin da ake yi in keke yana tsinka zare, da in yana tsallake ɗinki, da in yana karya allura, da in zare yana cukurkuɗewa a ƙasa. Kowace matsala da bayaninta, da kalaman uban, wai har da abin da tela zai gwada da kansa kafin ya ɗauko keke. Na ce wannan ba talla ba ce, wannan makaranta ce. Wa zai tsaya a bakin hanya ya karanta wannan?

“Yaya, kar ka ɓata wa yarinya aiki,” in ji Auta, bai ko ɗago kai ba.

“Ni zan ɓata rubutu? Tun ba a haifi uwarta ba nake rubutu.”

Wannan ƙarya ce, don uwarta ba ta fi ni ƙuruciya da wani abin kirki ba, amma Auta ya bar ni da ita.

Ban sha wahala ba na gano maɓallin. Ka shafa kalma, ka danna wani harafi ƙato a sama, sai kalmar ta yi ƙiba nan take. Abin da nake yi da buroshi mai faɗi da rabin wuni, ga shi da ɗan yatsa ɗaya. Na ji haushi, na kuma ji daɗi. Na bi shafin na kaurara “gyaran keken ɗinki” a duk inda ya fito, na rufe kwamfutar, na mayar mata da ƙyallenta.

Bayan 'yan kwanaki na duba, sai na ga Auta ya hau mataki ɗaya. Kar ka so ka ga tafiyata a ranar. Na sanar da mai aski, na sanar da mai gyaran takalmi, har wani mai kantin magani da na je rubuta wa allo sai da na ba shi shawara kyauta a kan shafinsa, ina saman tsani yana ƙasa yana gyaɗa kai. A gida na zauna cin abinci na ce wa maiɗakina ashe duk turancin da yaran nan ke yi a kan intanet, aikinmu ne suka sace suka sa masa lantarki.

“Malam,” in ji ta, “kai da ko lambar wayata sai na rubuta maka a bango?”

“Wannan daban. Wannan harkar rubutu ce.”

“To ka kira Lauya mana ka tambaye ta. Ba ita ta yi abin ba?”

Ban kira ta ba, kuma ina da dalilai biyu. Na farko, ita ce mai son uban ya tafi, to in tambayi mai son ya tafi yadda zan hana shi tafiya? Na biyu, wanda shi ne na gaskiya, ban ga yadda zan yi in tambayi yarinyar da na goya a wuya yadda ake sa rubutu ya fito ba.

Tunda kauri kaɗan ya ba da mataki ɗaya, lissafina ya nuna mini kauri mai yawa zai ba da matakai masu yawa. Na koma na kaurara “allura”, na kaurara “zare”, na kaurara “tela”. Na ga akwai maɓallin ja layi a ƙarƙashi, na ja. Na ga akwai na karkata harafi, na karkata. Na mayar da kan magana manyan baƙaƙe zalla, na sa masa ja. Kashegari na duba, Auta ya sauka mataki biyu. Na ce injin bai gama gani ba ne, na shafa shafin gaba ɗaya tun daga sama har ƙasa na danna ƙaton harafin. Shafin ya koma baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Na ja da baya, kamar yadda nake yi in na gama allo, na tsaya daga bakin ƙofa na kalle shi. A nan kunya ta kama ni, don na ga na aikata laifin da nake yi wa mutane faɗa a kansa kullum. Mai shago zai zo ya ce in rubuta masa sunansa babba, da kayansa babba, da lambar waya babba, da “maraba da zuwa” babba. Ni kuwa sai in ce masa in komai ya zama babba to ba babba a ciki, zaɓi ɗaya. Allo na kirki kalmomi kaɗan ne, manya, da fili a kewaye don ido ya huta. Ashe matsalar shafin ba siranta kawai ba ce, surutu ne ya yi masa yawa.

Da a nan na tsaya na mayar da komai yadda na same shi, da yanzu ba ni da labarin bayarwa. Amma ni gwani ne, kuma na gano ciwo, sai magani. Na goge bayanin tsinka zare. Na goge na tsallake ɗinki, na goge na karya allura, na goge duk makarantar Lauya, ina gogewa ina jin iska na shiga shafin. Na bar layi uku: sana'a, da wuri, da lambar waya. Sai kuma baƙaƙen kwamfutar suka tsaya mini a rai. Duk kaurinsu ba su da rai, ba inuwa, ba ƙugu, kowane harafi kamar an yanko shi da almakashi. Na ce in dai injin nan ido gare shi, bari in nuna masa rubutu.

Na samo farin allo mai kyau, na buga layi da alli, na haɗa shuɗi mai duhu da ruwan ɗorawa. Na yi aikin da ban yi wa wani mai kuɗi irinsa ba. Kowane harafi faɗin tafin hannu, da inuwa a gefen dama, da ɗan keken ɗinki a kusurwa wanda har kana iya ganin zaren a allura. Auta da kansa ya fito ya tsaya a kai, ya ce, “Yaya, wannan ya yi kyau.” A bakin Auta wannan waƙa ce. Na jingine allon a rana, na ɗauke shi hoto, na goge layuka ukun da suka rage tunda ga su a allon, na ɗora hoton shi kaɗai. Shafin ya zama allona, ba harafin kwamfuta ko ɗaya.

Daga nan na zauna jiran mu hau sama. Kwanaki kaɗan Auta yana nan inda yake, sai ya fara zamewa, sai wata rana na ja na ja har babban yatsana ya gaji ban gan shi ba. Mai hankali da ya tsorata. Ni kuwa na ce injin ya ɗauke shi ne ya kai ciki ana dubawa, kamar yadda ake ɗauke fayil ɗin wanda za a ƙara wa girma. Da shirun ya yi yawa na fara zargin masu shagunan sama da haɗa baki. Da wannan ma bai gamsar da ni ba, sai na koma kan ilimina guda ɗaya: na sauke allon, na ƙara wa baƙaƙen kauri, na sake ɗaukar hoto.

A bayan bango kuwa, jefi-jefin nan ma ya ɗauke. Ba baƙuwar fuska, ba kiran waya. Auta ya daina goge kekunan. Ina ba shi labari, “uhm” ɗin ma sai na jira. Na ce masa ya ƙara haƙuri, abu na nan tafe, na yi wani aiki a shafin da zai ba shi mamaki.

“Ba laifin shafi ba ne, Yaya,” in ji shi. “Mutane ne suka daina gyara. In keke ya lalace sai su yar su sayi sabo. Zamanina ne ya wuce, ba komai.”

Ya faɗe ta a hankali, ba ɗaci, kuma ita ta fi yi mini ciwo. Da wa'adin ya cika ya je ya sami mai gidan ya ce ba zai sabunta ba. Mai gidan ko tayin zama bai yi masa ba, don akwai wani mai sayar da kayan waya da ya daɗe yana jira. Auta ya kira masu kekunan da suka rage suka kwashe, ya ɗaure manyan kayan aikinsa ya aika gaba a mota, Lauya ta gyara masa ɗaki.

Muna cikin naɗe ragowar tarkace a kwali sai ga wata mata, tela, ta sauko daga babur tana haki, da kan keke a cikin buhu. Ta taɓa zuwa sau ɗaya. Ta gaishe mu, ta dubi shagon da ya zama fili, ta dubi Auta.

“Baba, ashe tashi kuke yi. Shi ya sa kuka cire kanku daga waya? Na neme ku har na gaji. Wancan karon abin da ke damuna kawai na rubuta, keke yana tsinka zare, sai ga ku da bayani, na gwada abin da kuka ce, da ya ƙi na kawo. Yanzu na rubuta na rubuta, ba ku. Ƙawayena biyu ma na ce su neme ku haka, suka ce ƙarya nake. Da ƙyar na tuna hanyar.”

Auta ya zauna a ƙasa da ɗan sukudireban da ke aljihunsa ya gyara mata keken a kan kwali. Da ta tafi ya ɗauko waya ya kira 'yarsa, ya sa murya a fili, ya ce ta duba masa shafin nan, wai an ce ba ya fitowa. Muka ji tana danne-danne.

“Baba, ina rubutun da na yi?”

Auta ya dube ni. Ni kuma na dubi kwali.

“Ba sai kun faɗa ba,” in ji ta. “Ga sa hannun Baffa nan a ƙasan hoton.”

Haka ne. Duk allon da na rubuta sai na sa sunana da ƙananan baƙaƙe a kusurwar ƙasa, hannuna ke yi ba da sanina ba. Na gyara murya na ce mata ai gyara na yi, don na lura injin masu kauri yake ɗorawa a sama, na gani da idona.

“Baffa, wannan kaurin ba masu shagon suka yi ba. Injin ne da kansa yake kaurara kalmomin da ka rubuta, don ya nuna maka inda suka fito. Da ‘akuya’ ka rubuta, da ‘akuya’ zai kaurara maka.”

Na ce to mataki ɗayan da muka hau fa? Ta ce hawa da sauka kullum ake yi, ko ba wanda ya taɓa komai. Ta ce kaurara kalma ɗaya ko biyu ba laifi ba ne, yana nuna wa mai karatu abin da ya fi muhimmanci, wataƙila shi ma injin ya ɗan fahimci inda maganar ta dosa, amma ba shi ke ɗaga shafi ba. Abin da yake nema shi ne shafin da ya amsa tambayar da mutum ya yi. Masu keke kuma ba “gyara” suke rubutawa ba, ciwon suke rubutawa, shi ya sa ta zaunar da uban ya lissafo mata ciwukan da bakinsa.

“To allon fa?” na ce, don har lokacin ina da sauran fata. “Ko kyansa bai gani ba?”

“Baffa, allon ya yi kyau wallahi. Amma shi injin ba mai wucewa a mota ba ne. Rubutu yake bi, hoto kuwa hoto ne a wurinsa, ba ya dogara da abin da aka zana a ciki. Ka kai shi shago ka nuna masa fili, ba komai a kan kanta.”

Sai Auta ya fara dariya. Ban taɓa jin ya yi irinta ba tun muna yara. Ya riƙe ciki, ya jingina da bango, hawaye na zuba, yana cewa, “Har da inuwa, Yaya. Har da inuwa ka yi wa makaho.” Na taya shi, don ban san abin da zan yi da fuskata ba. Lauya ma ta yi, ta ce tana da rubutun a ajiye, za ta mayar yanzu, amma sai injin ya sake zagayowa ya gani, kuma ba ita ke sa masa rana ba.

Da ya kashe wayar na ce masa to ai an gano bakin zaren, ya fasa tafiya. In shagon ya tafi, ga nawa, mu raba shi biyu, in tura gwangwanayena gefe. Na roƙe shi, ni yayansa, roƙo na gaske. Ya share ido ya ce keke ba ya shiri da ƙurar allo da tururin fenti, kuma kayansa sun riga sun isa, kuma ya riga ya yi wa yarinya alkawari. Ya ce tela ɗaya da ƙawaye biyu ba su ne aiki ba. Ya ce in daina ɗora wa kaina, ko ban taɓa shafin ba ƙarshenta ke nan. Na karɓi wannan maganar na rungume, don ina bukatarta. Na raka shi tasha, na dawo na tarar mai kayan waya har ya fara kafa kantoci.

Ba wanda ya tuna da shafin. Lauya ta mayar da rubutunta siriri ta ci gaba da harkarta, adireshin yana nan yadda yake. Injin kuwa ya zagayo a lokacin da ya ga dama. Na farko wani saurayi ne da keke a kafaɗa, mai kayan waya ya nuno masa ni, na ce masa mai gyaran ya tashi. Bayan kwana biyu wata dattijuwa. Sai wasu mata daga wata makarantar koyon ɗinki da aka buɗe a bayan sabuwar tasha, suka ce kekunansu da yawa, suna neman wanda zai riƙa duba musu duk wata. Na ɗauko waya na rubuta “keke yana tsinka zare”. Auta ne na biyu daga sama.

Ban gaya masa ba. Kullum in mun yi waya ina ba shi labarin titi, shi kuma yana cewa “uhm”, ina jin yara na ihu a bayansa. Sai ran nan ya kira da hantsi, ina tsaye da wata mata da ta ajiye kan kekenta a kan teburin fentina ta ce ita ba ta yarda ba, daga nesa ta zo, a waya an ce nan ne. Ya ji muryarta.

“Wace ce wannan, Yaya?”

Na yi niyyar in ce mai son allo ce. Bakina ya ƙi. Na gaya masa, ita da saurayin da dattijuwar da matan makarantar, duka. Na ce masa shafin ya dawo, yana sama. Na yi 'yar dariya don ya taya ni, kamar wancan karon, bai taya ni ba. Na ji ya tashi daga inda yaran suke, na ji an rufe ƙofa.

“Makarantar ɗinki,” in ji shi. “Duk wata.”

“Haka suka ce.”

Na san shirun Auta kala-kala, wannan ban san shi ba.

“Kayan aikin na ba wani yaro a nan, ba inda zan ajiye su,” in ji shi. Sai can ya ƙara, a hankali, ba faɗa ba zargi, kamar yana gaya mini ciwon keke: “Da ko biyu daga cikinsu sun zo a wancan watan, Yaya, da ban taho ba.”

Na ce na sani. Ya ce in gaida mutan gida, na ce za su ji.

Matar tana nan tsaye tana kallona, hannunta a kan keken. Ta ce, “Baba, in bar shi ne ko in tafi da shi?”

Na ce ta tafi da shi. Na taya ta mayar da shi cikin buhu, na ɗauka na kai mata bakin titi, muka tsaya tare muna jiran abin hawa, don a titinmu sai an jira.